Kujerar Sallama Ta Tafi Ƙasar Waje

Ƙanina ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun farko kada a ce na ci zarafin jinina. Matsalarsa ɗaya ce, baki. In ya buɗe shi sai ka rantse shi ya ƙera jirgin ruwa da hannunsa, alhali ƙusa ɗaya bai taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba. Tun da ya je wani taron 'yan kasuwa ya dawo da jaka mai tambari da maganar kwantena a baki, mai askin da ke kallon shagonmu ya raɗa masa suna Kwantena, sunan kuwa ya zauna daram. Shi dai Darakta yake kiran kansa, har kati ya buga.

Babanmu kafinta ne, kujeru yake yi tun kafin a haife ni. Ni kuma ina sayar da fenti da ƙusa a shagon da ke jikin nasa. Falle ɗaya na katako ya raba mu, saboda haka duk abin da aka faɗa can a kunnena yake sauka. Baba yana da wani ɗan ƙarfe mai siffar tsuntsu. In ya gama kujera, ya zauna a kanta, ya jijjiga, ya gamsu, sai ya sa ƙarfen a wuta ya ɗana a ƙarƙashin mazaunin. Wadda bai gamsu da ita ba, ba ta samun tsuntsu ko kuka za ka yi masa. A kasuwa mutane kan kifa kujera su duba, in sun ga tsuntsu ciniki ba ya nisa. Baba ba shi da mota, ba shi da gidan haya. Tsuntsun nan shi ne duk abin da ya tara.

Akwai kuma wata kujera a lungun shagon, wadda muke kira kujerar sallama. Asalinta lafiyayya ce, har da tsuntsunta. Da masu zuwa hira suka ishi Baba, su zauna tun safe su hana shi aiki, sai ya ɗauki zarto ya rage mata ƙafafun gaba kamar faɗin yatsa. Ido ba ya gani, amma in ka zauna sai ka riƙa zamewa gaba a hankali, ka gyara zama, ka sake zamewa, cinyoyinka su gaji, kafin ka ankara ka tuna kana da wani uzuri. Baba bai taɓa korar kowa da baki ba, kujera ce ke yi masa aikin. Duk layin an san ta. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ya fi kowa zama a kanta. Da zarar Kwantena ya shigo ya ce, “Baba, na zo da wata shawara,” sai Baba ya jawo masa ita da hannunsa. Shi kuwa yakan ce da ni, “Yaya, kin lura Baba ba ya ba ki kujerar nan? Ta manya ce.”

Ana nan sai ga Madam, wata mai ɗakin taro, ta sauko daga mota da ƙamshin turarenta.

“Baba, kujera ɗari biyar nake so, masu tsuntsu. Zan buɗe sabon ɗakin taro nan da wata uku.”

Baba ya yi dariya. “'Yata, hannu biyu gare ni, ɗayan ma sanyi ya fara taɓa shi. In na yi miki arba'in a wata uku sai ki gode Allah.”

Kwantena yana kan kujerarsa, ya toƙare ƙafafu da ƙasa kamar yadda ya saba. Sai ya miƙe ya bi Madam har bakin mota, yana miƙa mata kati.

“Madam, zamani ya wuce zarto. Yanzu babu mai yin abu da hannunsa. Samfur kawai za ki aika ƙasar waje, inji ya haifo miki dubu kafin shayinki ya huce. Ni harkata ke nan. Jiragen ruwan nan duk sun san ni.”

“Irin na Baba sak?”

“Shi kansa ba zai bambance ba.”

Madam ta amince, ta tafi. Da ya dawo, Baba bai ko ɗago daga aikinsa ba ya ce, “Ban yarda ba. Kuma kada ka taɓa mini tsuntsu.”

“Haba Baba, wa ya ce zai taɓa?”

Ƙarfen kam bai taɓa ba, wannan na shaide shi. Ranar da na kai Baba asibitin ido muka dawo, sai na ga lungun shagon fayau. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce ya ga Kwantena ya naɗe wata kujera da bargo ya sa a bayan mota.

“Wace kujera?” na tambaye shi.

“Tasa mana. Ya ce ita ta fi sheƙi.”

Gaskiyarsa, ta fi sheƙi. Shekara da shekaru mazaunan mutane suna goge ta. Na ɗauki waya zan kira shi in faɗa masa abin da ya kwasa, Baba ya riƙe mini hannu.

“In kika gaya masa, sai kin gaya masa dalilin da nake ba shi ita. Zai ji ciwo. Ki bari, masu injin suna da ido, za su dawo masa da ita.”

Suna da ido kuwa. Bayan kwanaki injiniyan masana'antar ya kira shi ta bidiyo, tare da tafinta. A shagona ya amsa, wai sabis ya fi ƙarfi a can, amma ni na san so yake mai aski ya ji yana magana da ƙasar waje. Injiniyan ya ɗaga kujerar, ya ɗora mata abin awo, tafinta ya ce ƙafafun gaba sun gaza na baya, ko a daidaita su?

Kwantena ya juyo ya kalle ni yana murmushi. “Kin ji ko? Sun gano sirrin.” Sannan ya koma kan waya. “Ku gaya masa kada ya taɓa ko ƙwayar gashi. Wannan fasahar mahaifina ce. Kujerar manyan baƙi ce, tana sa mutum ya zauna a farke. Duk abin da kuka gani a jikinta ku yi shi sak.”

Na ce, “Kai, ka bar su su daidaita mana.”

“Yaya, ke fenti kika sani. Ki bar mu da harkar ƙasa da ƙasa.”

Tafinta ya sake cewa, ƙasar da za a kai kayan tana neman takardar gwajin inganci, ko su kai samfur a gwada kafin a loda?

“Takardar gwaji ta masu shakkar kayansu ce. Ku bar ta. A madadinta ku ƙara folish, ina so mutum ya ga fuskarsa a mazaunin.”

Injiniyan ya sa aka maimaita masa maganar, sannan ya ce a rubuto masa haka a sa hannu. Kwantena ya ce da ni wannan alamar girmamawa ce.

Watannin da suka biyo baya Baba ya sha wahala. Babu kujerar sallama, dole Kwantena ya riƙa zama a kan lafiyayya, kuma lafiyayyar kujerar Baba ba ta gajiyar da mutum. Tun safe zai zauna ya buɗe waya yana nuna mana wani ɗigo a kan teku, wai jirginsa ne. In ɗigon ya matsa sai ya sanar da layi. In bai matsa ba sai ya ce kyaftin ya tsaya shan mai, ya kira shi ya ba shi haƙuri. Wata rana na ji Baba yana magana shi kaɗai yana cewa, “Ashe kujerar nan rabin lafiyata ce.”

Da kaya suka iso tashar jiragen ruwa, kowa ya ce masa ya ɗauki ajan mai fitar da kaya. Ya ce ajan na waɗanda ba su da baki ne. Ya sa kwat, ya ce in raka shi in ga yadda ake harka. Na rufe shagona na bi shi, don zuciyata ba ta kwanta ba.

Jami'in kwastan wani dogo ne mai tabarau, magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Ya duba takardun, ya ɗago.

“Ka rubuta katako.”

“Ƙwarai, ranka ya daɗe.” Ya raɗa mini a kunne cewa kuɗin fiton katako ya fi sauƙi, dabara ce ta manya.

“To, katako ba ya shiga ƙasa sai da takardar feshin maganin ƙwari. Ina take?”

“Ai ba katako ba ne can can, kujeru ne.”

“To me ya sa ka rubuta katako?”

“Ranka ya daɗe, da me ake yin kujera?”

Jami'in ya cire tabarau ya goge. “In katako ne, ka kawo takardar feshi. In kujeru ne, ka kawo takardar gwajin inganci, ka kuma biya tarar abin da ka rubuta ba daidai ba. Wanne ka zaɓa?”

“Ba za a iya cewa rabi da rabi ba?”

“Za a iya. Sai ka kawo duka biyun.”

Na taka wa Kwantena ƙafa a ƙarƙashin tebur don ya yi shiru. Ina, sai ya matso ya rage murya. “Yallaɓai, mu manya ne. In aka buɗe kwantenar nan, kujera biyu naka ne, ɗaya ofis ɗaya gida.”

Jami'in ya ɗauki biro. “Maimaita, in rubuta daidai.”

“Wasa yake yi, ranka ya daɗe,” na ce da sauri. “Tun yana yaro haka yake, zazzaɓi ne ya taɓa shi.”

A hanyar dawowa Kwantena ya ce da ni, “Kin ga yadda na rikita shi? Har tabarau ya cire.”

Daga nan aka shiga zarya. Yau ofishin feshi, gobe ofishin tara, jibi a ce mai sa hannu ya fita. Kwantenar tana zaune a tasha tana cin kuɗin ajiya, ƙanina yana ramewa cikin kwat, amma bakin bai rame ba. Kullum ya dawo sai ya ce saura sa hannu ɗaya. Mai aski ya ce, “Wannan hannun da ya rage, ko sai an yi odarsa daga waje shi ma?” Madam kuwa ta fara kira safe da yamma, ranar buɗe ɗakin taronta tana ƙaratowa.

A ƙarshe aka tura shi hukumar kula da ingancin kaya. Jami'ar da ke kan aikin, wata gajeriyar mata da ba ta ɓata kalma, ta ce za ta zo sito ta ɗauki kujeru kaɗan a kai ɗakin gwaji, shiru shiru, in an ga matsala a gaya masa shi kaɗai. Mai hankali da ya gode mata. Kwantena ya ce kayansa ba na ɓoyo ba ne, a gwada su a gaban duniya. Ya yi hayar bas ya kwashi rabin layinmu. Ya gayyaci Madam da ƙawayenta. Ya ɗauko mai hoto. Baba ya ce ba zai je ba, amma da bas ta tashi sai na gan shi a kujerar baya ya rungume sandarsa.

Siton babba ne, daɓensa sumul. Aka buɗe kwantena, leburori suka fara fito da kaya suna yage leda. Ba zan yi ƙarya ba, kujerun sun yi kyau, sai walƙiya suke. Kwantena ya sa aka jera layi uku, ya tsaya a gaba ya gyara kwat.

“Jama'a, bismillah, kowa ya zauna. Yau za ku ji abin da manya ke ji.”

Madam ta zauna a tsakiyar layin gaba cikin wata doguwar riga mai santsi, ƙawayenta hagu da dama. Jami'in kwastan, da shi ma ya zo shaida, ya zauna a gefe ya ɗora fayil a cinya. Mutanen layinmu suka tsaya cirko-cirko suna kallon kujerun, suna kallon juna. Mai aski ya sunkuya ya hango ƙafafun, ya miƙe ya harɗe hannu.

“Zauna mana,” in ji Kwantena.

“A'a, na gode. Ni da ita mun san juna.”

Baƙin da ba su sani ba suka cika layukan. Kwantena ya fara jawabi. Ya fara daga tarihin teku. Ni dai idona yana kan Madam. Tsohuwar kujerar Baba takan ɗauki lokaci kafin ta yi aikinta, amma waɗannan an ƙara musu folish. Kafin ya gama gaisuwa Madam ta gyara zama sau biyu. Da ya kai kan jiragen ruwa, na ga gwiwoyinta sun yi gaba, kanta yana raguwa a hankali. Ta kama hannun ƙawarta ta dama, ita ma ashe tafiya take. Jami'in kwastan ya toƙare da takalmi, takalmin ya ƙi kama daɓe.

“Kamar yadda kuke gani,” in ji Kwantena, “babu wanda ke gyangyaɗi.”

Bai rufe baki ba Madam ta sauka ƙasa daɓas, ta ja ƙawaye biyu suka bi ta. Na layi na biyu suka yunƙura za su taimaka, yunƙurin ya ƙarasa su, suka tura kujerun gaba. Jami'in kwastan ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, har ya riƙe mazaunin da hannu biyu, amma ya tafi da mutuncinsa a hankali har ya zauna a ƙasa, fayil na cinyarsa bai ko motsa ba. Takalma da jakunkuna suka watse. Mai hoto, da yake an biya shi, bai tsaya ba.

Mutanen layinmu suka fashe da dariya, mai aski har da riƙe bango. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Kwantena yana ta zagaye yana cewa, “Ba ku iya ba ne, toƙarewa ake yi, ku duba ku gani.” Ya zauna don ya nuna musu, wandon kwat ya haɗu da folish, sai ga Darakta a ƙasa kusa da Madam.

“Kada ka yi mini magana,” ta ce masa, tana laluben takalminta.

Dariyata ta tsaya ne da na ga wata kujera da ta kife a gaban Baba. A ƙarƙashin mazaunin ga tsuntsu, baƙi, sak, har da ɗan karcen da ke fiffikensa na hagu. Na kifa ta kusa da ni, tsuntsu. Na kifa wata, tsuntsu. An ce musu duk abin da suka gani su yi shi sak, sun kuwa yi. Baba ya sunkuya ya shafa shi da yatsa. Ni kuwa ji na yi kamar an zuba mini ruwan sanyi.

Jami'ar inganci ita kaɗai ce ba ta zauna ba. Ta ɗora abin awonta a kan kujeru uku, ta rubuta, sannan ta nuna tsuntsun da biro.

“Wannan tambarin na wane ne?”

“Nawa ne, 'yata,” in ji Baba.

“To Baba, ka saurare ni da kyau kafin ka amsa. In da izininka aka buga shi, kayan naka ne. Za mu fitar da sanarwa da hoton tambarin, cewa kujeru masu wannan alama suna da haɗari, kada a saya sai an gyara an sake gwadawa. In kuma ba da izininka ba ne, tambarinka ya tsira, amma wanda ya sa aka buga ya yi jabu, kuma daga nan ba gida zai wuce ba.”

Kwantena yana zaune a ƙasa, karon farko a rayuwarsa baki a buɗe babu magana. Ni na san abin da Baba ya faɗa a shago, da kunnena na ji. Raina ya ɓaci har ina jin da ni aka tambaya da na bar shi ya kwana biyu a inda za a koya masa shiru. Baba ya daɗe yana kallon tsuntsun, sannan ya kalli ɗansa.

“Da izinina ne. Rubuta.”

“Baba,” na ce.

“Na ce ta rubuta.”

Ta kalle shi, ta kalli Kwantena, na tabbata ta gane. Amma ta rubuta.

Kwantena ya miƙe yana kaɗe wando. “Ni ban gane ba. Wallahi sak suka yi ta. Kujerar manya ce, ita Baba yake ba ni kullum.”

Mai aski ya ce, “Kujerar sallama ce, Kwantena. Duk wanda surutunsa ya ishi Baba ita ake jawo masa. Ni sau ɗaya aka ba ni na gane. Kai ka shekara nawa a kanta?”

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ƙanina ya juya wajen Baba.

“Baba, gaskiya ne?”

“Kana da surutu, ɗana, ni kuma ina da aiki. Ban so in kore ka da baki ba.”

Sanarwa ta fito da hoton tsuntsu, aka manna ta har a ƙofar kasuwar kujeru. Baba ya naɗe ƙarfensa a tsumma ya sa a aljihun tebur. Madam ta buɗe ɗakin taronta da kujerun roba na haya, kuma in ta hango Kwantena a hanya sai ta ɗaga gilashin mota.

Hukuma ta yarda a gyara kayan a cikin sito. Gyaran ba wuya, a rage ƙafafun baya su yi daidai da na gaba, a kankare folish ɗin mazauni da samfefa. Baba ya yanka ɗan guntun katako na awo, ya miƙa wa Kwantena tare da zarto, ya juya ya hau bas. Kujera ɗari biyar, kowace da ƙafar baya biyu. Na farkon da ya yanka sai da suka koma zamewa baya, ya kira ni a waya yana tambaya ko akwai ƙasar da ake son irin wannan. Na kashe wayata. Amma ya ci gaba da zuwa, ya ajiye kwat, hannayensa suka yi kanta, har ya iya riƙe zarto kamar ɗan gidan kafinta.

Aka sake gwaji, kujeru suka wuce, aka janye sanarwa. Sai dai janye takarda daban, janye abin da ke bakin mutane daban. Har yau in mai saye ya zo shagon Baba, ya kifa kujera ya ga tsuntsu, sai ya mayar da ita ya ɗora lemo a kan mazaunin ya ga ko zai gangara. Baba sai ya ci gaba da aikinsa. Ni ce zuciyata ke tafasa, don na san shekarun da aka yi babu mai yi masa haka.

Tsohuwar kujerar sallama ta dawo, masu masana'antar sun sako ta a cikin kwantenar a naɗe da bargonta. Baba ya mayar da ita lungunta. Ranar da Kwantena ya gama aikin sito ya shigo shago da yamma, ya gaishe da Baba a hankali, ya nufi lungu da kansa zai jawo ta.

“Bar wannan,” in ji Baba. Ya jawo wata sabuwa da ya gama ranar, ya fito da ƙarfen daga tsumma, ya sa a wuta, ya miƙa masa. “Zauna ka jijjiga. In ka gamsu, ka ɗana.”

Kwantena ya zauna, ya jijjiga, ya kifa ta, ya ɗana tsuntsun. Hayaƙi ya tashi, ya ce shi ne ya shiga masa ido. Ina leƙe ta jikin katako, ni ma hayaƙin ya same ni. Ya mayar da kujerar ya zauna a kanta shiru, har na fara tunanin ko Allah ya shirya mana shi.

Can sai ya gyara murya.

“Baba, ina cikin siton nan na yi wani tunani. Kuskurenmu ɗaya ne, kujera muka aika. Amma tebur fa? Tebur ba a zama a kansa.”

Baba ya ɗago ya dubi lungu. Kafin ya sauke ido na riga na zagayo na jawo kujerar sallama.